Wasan Ardo da Na Mayar Tarihi

Ni ɗan Kankara ne, kuma karatuna bai taɓa zama na a-zo-a-gani ba. Na yi firamare a garinmu, na shiga kwalejin horon malamai na fito da takardar malanta mai daraja ta biyu, aka tura ni Yargoje ina koyar da aji uku. Da zamani bai juya ba, da nan zan tsufa da alli a hannu. Sai kuɗin mai suka shigo ƙasa. Ko'ina ka duba ana gina ajujuwa, ana zuba kwalta, gwamnati kuma na neman wanda za ta biya wa karatu ido rufe. Hedimastanmu ne ya kawo takardar neman gurbi, ya ce in cika. Na ce ni Turancina bai kai ba. Ya ce waɗanda nasu ya kai duk sun riga sun tafi, yanzu mu ake jira.

Na yi shekara biyu a makarantar share fage, sannan na shiga jami'a, sashen tarihi. Ba wani dogon tunani ya sa na zaɓe shi ba. Na tambaya aka ce mani babu lissafi a ciki, kuma na ɗauka labarai ne irin waɗanda na saba ji a zauren Baba.

Rayuwar jami'a a lokacin daɗi gare ta, ba zan ɓoye ba. Shayi da madara da safe, kaza ranar Lahadi, ga masu wanki an tanadar mana. Na yi kumatu. Na tara suma, na ɗinka wando mai buɗaɗɗen ƙafa, na sayi babur. Ranar da na fara shiga gida da wandon nan, Baba ya dube shi tun daga ƙugu har ƙasa. Shi manomi ne, amma da rani yana taɓa ɗinki, don haka idon tela ya sa mashi.

"Wannan ku biyu aka ɗinka ma, ɗayan ya fasa?" ya tambaye ni.

A shekarar ƙarshe kowane ɗalibi sai ya rubuta kundi a kan tarihin yankinsu, ya tattaro shi daga bakin dattawa. Malamin da ke duba aikina Bature ne, baƙo daga wata ƙasa, Dakta muke ce mashi. Mutumin kirki ne, mai son aiki, Hausarsa kuma ta littafi ce. Sashen ya ba ni aron rikoda da kasa-kasai da batura, Dakta kuma ya ba ni doka guda wadda ya maimaita har sau uku: duk abin da aka faɗa a kan wasu mutane, kada in rubuta sai na je na ji ta bakinsu. Na ce na ji. Na zaɓi in rubuta yadda aka kafa garuruwa da unguwanni tsakanin Kankara da Faskari da Sabuwa.

Akwai abin da ya kamata in faɗa a nan, don shi ne asalin laifina. A shekarun nan, a sashenmu ba a maganar komai sai bauta da wa ya ci gumin wa. Ɗalibin da ya gano wani tsohon ƙauyen bayi a ƙasarsu, shi ake nunawa da yatsa a ɗakin cin abinci. Ni kuma da nake zaune a bayan aji shekara da shekaru, ba a taɓa nuna ni da komai ba. Na so a nuna ni.

Da hutun damina na ɗaura rikoda a bayan babur na shiga ƙauyuka. Ban san gaisuwa na da tsawo haka ba sai da na ga tana cinye mani kaset. Ina gajiya, ina ruwa, ina iyali, ina labarin birni, ina mahaifinka, har yanzu yana noma gonar nan ta bakin rafi? Wani dattijo a Faskari ya yi mani rabin kaset a kan ciwon gwiwarsa, da na tambaye shi wanda ya kafa unguwarsu ya ce ai wannan sai wansa, wan kuma ya rasu bara. Wata tsohuwa ta ƙi magana sai an rufe akwatin, wato rikodar, da zane. Wani kuwa sai da na mayar mashi da muryarsa ya ji, ya ce wannan ba shi ba ne, shi muryarsa ta fi haka kauri. Duk da haka na samu abin da na samu. Na haɗa babi uku, gaskiya ce zalla a cikinsu, amma ko ni da na rubuta su in na karanta sai hamma ta kama ni.

Daga nan na je wurin Ardo. Dattijon Bafillace ne da rugarsa ke kusa da Yargoje, na san shi tun ina koyarwa, don jikokinsa biyu sun zauna a ajina. Dogo ne siriri, mai son raha. Aka shimfiɗa mana tabarma, aka kawo fura, maza biyar ko shida suka zagaye mu don su ga akwatin magana. Ya ba ni labarin yadda kakanninsa suka gangaro da shanu, inda suka yi mashekari, da shekarar da ciwon shanu ya kusa ƙarar da su. Da ya ambaci Damari, inda suke kai shanu kiwo a da, sai na tambaye shi wata unguwar Barebari da na ji labarinta a gefen garin, wadda gidan wani Malam ke shugabanta.

Ardo ya gyara zama. Na ga mazan da ke wurin sun fara murmushi tun bai buɗe baki ba.

"Waɗannan? Ai bayinmu ne," ya ce. "Matso da akwatin, kada ya rasa ko kalma ɗaya. Kakana ya sayi kakan Malam a kasuwa da ɗan maraƙi gurgu. Har ya mutu shina cewa an cuce shi a cinikin."

Aka fashe da dariya.

"Ya kai shi Damari ya ce ya noma mashi dawa. Babarbare da fartanya! Kwana uku ya yi shina juya ta, bai gane ina ne kanta ba. Aka ce to ya yi kiwo, saniya ta yi atishawa ya hau bishiya. Da kakana ya ga ba shi da amfani, sai ya sassaƙa mashi allo ya ce je ka zauna inuwa. To, ka ji asalin malantar gidan. Har gobe in na shiga Damari sai sun tashi tsaye."

Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san mene ne wannan. Tsakanin Fulani da Barebari akwai wasa tun kaka da kakanni. Kowa na kiran ɗan'uwansa bawa, kowa na ƙaga wa ɗayan labarin wauta, ba a fushi, ba a riƙewa. Yaro ɗan shekara bakwai ya san haka. Ni ma na sani. A kaset ɗin, dariyar da ta fi kowace ƙarfi tawa ce, don ni na fi kusa da akwatin.

A hanyar komawa gida, ina kauce wa taɓo da babur, tunanin ya zo mani: in aka cire dariyar nan, ai babi ne guda.

Da na isa na kunna wa Baba kaset ɗin a zaure. Ya yi dariya har da share hawaye, ya sa na maimaita mashi wurin atishawar saniya. Da na ce wannan zai shiga kundina, sai ya daina.

"Kai, wasa ne fa."

"Baba, a jami'a an koya mana cewa cikin irin wannan wasa ake ɓoye gaskiyar da ba a son faɗa."

"To. Ni ban je jami'a ba. Amma Damari ba sama take ba. Ka tahi ka ji ta bakin Malam."

Na ce zan je. Ban je ba. Na ce ruwa ya cika rafi, na ce hanya ta lalace, na ce batura sun yi sanyi. Duk akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma ainihin dalilin shi ne na san in na je zan dawo ba babi.

Da na koma makaranta na zauna na juya kaset ɗin zuwa Turanci. Na zubar da dariyar. Na zubar da fartanya da bishiya. Ɗan maraƙi gurgu ya zama musayar bawa da dabbobi, allon da aka sassaƙa ya zama hanyar da bayi ke bi su sami matsayi ta karatu. Na sa sunan unguwar, na sa sunan gidan, na sa sunan Ardo da shekarunsa a ƙasan shafi kamar yadda aka koya mana. Ban taɓa rubuta Turanci mai santsi irin na babin nan ba, kafinsa ko bayansa.

Dakta ya karanta a gabana, yana kaɗa kai. Da ya gama ya cire tabarau.

"Wannan aiki ne mai kyau ƙwarai. Ka ji ta bakin mutanen Damari?"

"Na je," na ce. "Sun ƙi magana. Kunya suke ji."

Tausayinsu ya kama shi. Ya ce haka abin yake a ƙasashe da yawa. Sannan ya ce in jarrabawata ta yi kyau, zai yi magana a riƙe ni a sashen in zama ƙaramin malami bayan bautar ƙasa. Na fito daga ofishinsa ƙafata ba ta taɓa ƙasa.

Abin bai tsaya nan ba. A lokacin an buɗe makarantun firamare barkatai a ƙauyukanmu, ga yara ga ajujuwa, babu littattafai. Wani jami'in ilimi da ya san ni tun ina Yargoje ya aiko mani cewa in na gama in ba shi kundin, za a taƙaita shi da Hausa a raba wa malamai su riƙa koya wa yara tarihin yankinsu. Na amsa da murna. Ko sau ɗaya ban tsaya na tuna cewa akwai sabuwar firamare a Damari ba, kuma jikokin Malam na cikinta. A wurinmu kuwa in aka ce gida asalinsa bayi ne, ba a wasa ba, a rubuce, magana ce da ke fitowa ranar neman aure da ranar zaɓen liman, ta bi zuri'a ba ta sakinta.

Da hutun bazara, saura mako uku a miƙa kundi, mai tafireta ya riga ya buga mani komai, na zo gida. Ranar kasuwar Yankara na hau babur na tafi, wai zan tabbatar da sunayen wasu tsofaffin rumfuna. Gaskiya dai yawo na je, da rikodar a rataye a kafaɗa, don na lura 'yan mata na kallonta.

Ina wucewa ta gefen kara, inda ake cinikin shanu, na ji an ƙwala mani kira.

"Malamin makaranta! Mai akwati! Zo nan, Allah ya kawo ka."

Ardo ne zaune a gindin wata bishiya. Kusa da shi wani dattijo ne gajere mai farin rawani, da zanen Barebari a kumatunsa, ga buhun kanwa a gabansa yana sayarwa. Goro guda suka raba biyu suna ci. Na durƙusa na gaishe su.

"Ka san wannan?" Ardo ya nuna shi da haɓa. "Shi ne bawan nawa na Damari."

Ashe wannan ne Malam.

"Rabu da shi, ɗana," dattijon ya ce. "Tun safe nake ciyar da shi goro. Mu haka muke, ba mu barin bawa da yunwa, ko da mai bin wutsiyar saniya ne."

"Ji shi! Goron da na saya?"

"Da kuɗin wa? Kai da shanunka duk ba nawa ba ne?"

Masu rumfunan kusa suna ta dariya, da gani sun saba, duk mako sai an yi. Ardo ya dafa kafaɗata.

"Yau dai ƙaryarka ta ƙare, Babarbare. Na ba yaron nan labarin ɗan maraƙin, ya ɗauka a akwati. Yanzu haka shina cikin littafin jami'a. Ko ba haka ba, malamin makaranta?"

Ya ƙyafta mani ido, yana jira in taya shi. Malam ma dariya yake yi. Ya dube ni yana jiran in ce wani abu mai ban dariya. Na sunkuyar da kai ina kallon kanwa. Na ji dariyar tana raguwa, rumfa bayan rumfa.

"Ɗana," Malam ya ce a hankali, "da gaske an rubuta?"

Da na ce a'a, da an wuce wurin, kowa ya koma cinikinsa. Na yi ƙarya a gaban Dakta ba tare da muryata ta girgiza ba. Amma mutumin nan yana zaune a gabana, da ɓarin goro a hannu.

"An rubuta, Baba."

"Da sunan gidanmu?"

"Da sunan gidanku."

"A matsayin wasa?"

"A'a."

Na faɗa masu sauran, har da maganar raba wa makarantu. Malam ya ajiye goron a kan buhu. Ardo ne ya miƙe tsaye. Ban taɓa ganin fuskarsa ba dariya ba sai ran nan.

"Kai ɗan wace ƙasa ne?" ya ce. "Ba a Kankara aka haife ka ba? Ba ka yi dariya ba ran nan? Da kunnena na ji ka! Shekara hamsin ina zagin mutumin nan shina zagina, ko sau ɗaya ba mu kwana da ɓacin rai ba. Sai kai za ka ɗauki bakina ka yanka shi da shi?"

"Zauna, Ardo," in ji Malam. "Mutane na kallo."

"Su kalla! Kai, kunna akwatin nan."

Na kunna. Ardo ya zauna, ya jawo rikodar gabansa, ya yi bisimilla, ya faɗi sunansa da na ubansa da na kakansa. Sannan ya ce duk abin da ya faɗa da damina wasa ne na tsakaninsu, wanda ya ɗauke shi gaskiya ya yi zalunci. Ya ce kakan Malam ɗa ne ba bawa ba, ɗan ɗa, daga Barno ya zo da fataucin kanwa da littattafansa. Ya ce kakan ne ya haƙa rijiyar da Fulani ke shayar da shanu a gefen Damari, bai taɓa hana kowa ba. Ya ce mahaifinsa, shi Ardo, a gaban kakan Malam ya koyi Fatiha, kuma shekarar da shanunsu suka mutu, a gidan suka ci tuwo wata huɗu. Ya jero sunayen gidan tun daga kakan har zuwa jikoki, bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Ashe ya fi kowa sanin asalinsu. A ranar na gane cewa abokin wasanka shi ke riƙe da tarihinka na gaskiya, don sai ya san inda gaskiyar take kafin ya san inda zai karkata ta a yi dariya.

Da ya gama, Malam ya ɗago kai, ya koma kan maganar tuwon wata huɗu.

"Wata biyar ne. Kuma har yau ba ku maido ƙwaryar ba."

Wani mai sayar da igiya ya tuntsire da dariya, sauran suka bi. Ardo ya harare shi, ya so ya daure, ya kasa.

"Ka gani ko?" ya ce mani. "Ina wanke shi shina ƙara shafa wa kansa toka. Kashe akwatin kafin in fasa."

Na kashe. Na matsa gaban Malam na ce ya yafe mani. Ya ce yafiya mai sauƙi ce, ya yafe, amma takarda ba ta san an yafe ba. Ya ce in zo Damari.

Washegari na je. Tafiyar da na ce ba ta yiwuwa, kafin azahar na isa. Malam ya sa aka fito da wata tsohuwar gafaka, jakar fata ta littattafai, ya nuna mani rubutun hannun kakansa, takardun sun yi ja, gefensu ya gutsure. Ya kai ni rijiyar. Ya aika aka kira dattawa uku da ba danginsa ba, ya tashi ya bar mu don su yi magana ba kunyarsa. Kwana biyu na yi a gidan. Aka yanka mani zakara, abin da ya fi zagi yi mani zafi. Matar gidan, wata Hajiya mai faɗa, ta leƙo daga soro ta ce a nuna mata yaron da ya sayar da su, da ta gan ni ta ce, "Wannan? Da wannan wandon?" Ta koma ciki tana dariya.

Da na dawo na gaya wa Baba komai. Yana ɗinki, bai ɗago ba. Ya ce, "To, yanzu saura Baturen naka."

Wannan ce ta fi wuya. Na yi ta zagaya ofishin Dakta kwana biyu. Shaiɗan ya kawo mani dabara mai kyau: in ce na sami sabon bayani ne kawai, in canza babin, ba sai na ambaci ƙaryar ba. Har na shirya yadda zan faɗa da Turanci. Da na shiga, sai na kunna mashi kaset na farko tun daga farkonsa, da dariyar da komai, na bayyana mashi wasan Fulani da Barebari, sannan na kunna na kasuwar Yankara. Ya saurara har ƙarshe. Ya ce abin sha'awa ne, bai taɓa sanin wannan al'ada ba. Sannan ya tsaya.

"Amma ka ce mani ka je Damari sun ƙi magana."

"Ban je ba. Ƙarya na yi."

"Kuma ka san wasa ne tun farko?"

"Na sani."

Ya daɗe yana goge tabarau. Bai ɗaga murya ba. Ya ce yana da ikon ya kai maganar gaba a kore ni, amma ba zai kai ba tunda da ƙafata na zo. Ya ce in cire babin in rubuta na gaskiya a kwanakin da suka rage. Maganar riƙe ni a sashen kuwa, ya ce in manta da ita, don ba zai iya sa hannu a kan mutumin da sai ya bi bayansa ya duba ba. Na ce ya yi daidai. A zuciyata ban ji ya yi daidai ba sai bayan shekaru.

Na rubuta sabon babin cikin gaggawa. Gajere ne, Turancinsa na tuntuɓe kamar sauran: wani malami ya zo daga Barno da kanwa, ya haƙa rijiya, ya koyar da yara, Fulani suka zauna kusa da shi. Mai tafireta ya yi ta mita don sai da ya sake lambobin shafuka. Na bi abokaina biyu da na ba kwafin tsohon babin don alfahari, na karɓo na ƙona. Sakamako ya fito, na ci da matsakaicin daraja, ba wanda ya nuna ni da yatsa. Bayan bautar ƙasa aka tura ni koyar da tarihi a wata kwalejin horon malamai, kuma a aikin koyarwa na ƙare har na yi ritaya. Ban yi baƙin ciki da aikin ba. Ɗalibaina sun sha mamakin yadda nake tsananta masu a kan zuwa jin ta bakin ɗaya ɓangaren, ban taɓa gaya masu dalili ba. Wannan ma laifi ne, da na faɗa da ya fi amfanar su.

Kafin in miƙa wa jami'in ilimi taƙaitaccen kundin da Hausa, na ɗauke shi na kai Damari. Malam ya sa aka share zaure, ya kira 'ya'yansa da manyan jikokinsa, suka zauna. Dama tun da safe ya aika wa Ardo, Ardo ya aiko cewa shi ba ya amsa kiran bawa, sannan ya iso kafin kowa. Na tsaya na karanta shafi biyun da suka shafi gidan. Da na gama Malam ya ce in maimaita wurin kakansa, na maimaita.

"Haka za a karanta ma yara?"

"Haka, Baba."

"A nan Damari ma?"

"Har nan."

Ya gyaɗa kai, ya dubi 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya ce, "Saura gyara guda. Ka ce ya zo da jakuna. Ba jakuna ba ne, da takarkari ya zo, shanun kaya guda uku."

"Na sata ne," in ji Ardo. "Namu ne."

"Wannan kada ka rubuta," Malam ya ce mani.

Na ciro biro na soke jakuna, na rubuta takarkari a samansa, na miƙa wa babban ɗansa, wanda ya yi boko, ya duba ya ce daidai ne. Malam ya shafa fatiha, aka kawo tuwo.